Abin Kunne Mai Soso

"Danne da babban yatsa, Baba. Ka danne sosai."

Baba Simeon ya danne. Bakin wayar na lilo a ramin 'yar rikodar kamar cokali a cikin kofi. Ya karkata kai, ya rufe ido, ya jira. Can ya zare abin sauraron daga kunnensa ya ajiye a cinya.

"Babu, Mahadi. Ko kukan sauro ban ji ba. Kunnen ne ta mutu."

Mahadi Maiturare ya ce, "Allah ya sawwaƙe," idonsa a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninsu a unguwar Sintali, bai taɓa kasa kallon tsohon nan ba sai yau. Ya san sarai kunnen bai mutu ba.

Ga yadda aka yi. Elvis, ɗan Baba Simeon tilo, ya shiga soja ba da yardar ubansa ba, suka rabu baram-baram, aka kuma tura shi Laberiya. Shekara uku ko gaisuwa babu. Sai ga wani Kofur Manasseh, ɗan Yelwa, ya zo hutu da ƙunshi a hannu. Ranar nan Mama Dinatu, matar gidan, tana gona a garin Mutum Biyu, shi kuwa Baba yanar ido ta makantar da shi, don haka Mahadi aka kira ya kwance. A ciki akwai rikodar aljihu wadda ba ta da lasifika, da kaset ɗaya an rubuta masa "Baba kaɗai", da abin kunne irin mai ɗorawa a ka, mai soso ruwan lemo.

Mahadi mutum ne mai son kiɗa kamar ransa. Yana da tasa 'yar rikodar a shago, amma abin kunnenta na tsohuwar rediyo ne, siriri, sautinsa kamar daga ƙasan rijiya. Ya ce bari ya kai shago ya sa batir. Can ya gwada mai soson a tasa, ya ji kalangu kamar a tsakiyar kansa ake kaɗawa. Kwana biyu kawai, ya faɗa wa kansa. Tsoho ne, ina ya san bambanci? Ya mayar masa da rikodar haɗe da nasa tsohon abin kunnen, wanda bakinsa bai cika ramin ba.

Kwana biyun nan sai da suka haifi mako bakwai.

Da Mama Dinatu ta dawo ta gwada, ta ce tana jin magana can nesa. Ta ce a aro babbar rikoda a buɗe ta har ƙarshe. Baba ya ƙi.

"Unguwa duka su ji ɗana yana zagina? An rubuta Baba kaɗai."

A mako na uku Kofur Manasseh ya zo sallama, zai koma bakin aiki. Ya durƙusa ya tambaya ko akwai saƙo. Mahadi na zaune a kan benci a wurin.

"Me zan ce?" in ji Baba. "Ban ji abin da ya ce ba. In haƙuri ya bayar, ban ji ba. In zagi ne, ban ji ba. Ka tafi lafiya."

Mahadi ya kawar da kai. In ya yi magana a gaban baƙo, gobe duk Sintali ta san Maiturare ya cuci makaho. Kunya ce ta hana shi, kuma ita ce ta ci gaba da cin sa. Tun daga ranar bai ƙara ɗora abin a kansa ba. Ya jefa shi a aljihun tebur, cikin kwalaben almiski, ya riƙa bi ta bayan layi don kada ya wuce ƙofar gidan.

Da damina ta yi nisa ciwon Baba ya tashi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya koma sama-sama, asibiti suka ce a mayar da shi gida. Wata safiya Mahadi na alwala ya jiyo Mama Dinatu ta katanga tana gaya wa wata 'yar cocinsu cewa kullum sai ya kunna rikodar ya ɗora a ƙirji.

"Ba ya ji fa. Ya ce motsin kaset ɗin yake ji a jikinsa."

Ko karyawa Mahadi bai yi ba. Ya je shago ya ɗauko abin, ya goge shi da gefen riga, ya sayi sababbin batir, duk hanya yana gyara ƙaryar da zai yi.

"Baba, na samo wani a kasuwa. Sabo fil. Bari mu gwada."

Ɗakin na warin man zafi da jiƙaƙƙen siminti. Ya ɗora masa a ka, ya gyara soson a kan kunnuwa, ya soka wayar. Ta shige ƙyas, ta zauna daram. Ya mayar da kaset farko, ya murɗa sautin har ƙarshe, ya danna.

Jikin Baba ya zabura. Ya kama hannun Mahadi ya riƙe gam. Muryar Elvis na tsiyayowa ta gefen soson, da yaren Mumuye, wanda Mahadi bai iya ba sai gaisuwa. Mama Dinatu ta toshe baki da zani ta fita tsakar gida. Tsohon yana gyaɗa kai, yana amsawa a hankali kamar yaron na zaune a gabansa, hawaye na gangarowa suna shiga soson.

Da kaset ya tsaya, ya juyo wajen Mahadi.

"Ya ce in yafe masa," ya ce da Hausa. "Ya ce in Manasseh zai dawo, in ba shi kalma ɗaya. Ko 'na ji' kawai. Ya ce in Manasseh ya zo hannu wofi, to ya gane."

Mahadi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ya kuma ce ya san kunnena. Shi ya sa ya zaga kasuwa ya saya min mai soso, mai rufe kunne duka." Baba ya kai hannu ya zame abin daga kansa. Ya shafa soson da yatsa, inda ya lotsa, ya kai shi hanci ya shaƙa. "Sabon nan naka, Mahadi, ta sha almiski."

"Baba, ni ne. Ni na..."

"Ka iya rubutu?"

"Na iya."

"Ɗauko takarda."

Ya rubuta abin da aka ce ya rubuta, layi biyu: Na ji. Ka dawo gida. Baba ya dangwala yatsa a ƙasan takardar. Sai dai babu wanda ya san inda za a aika, don adireshin yana wurin Manasseh, Manasseh kuwa ya yi wata guda da tafiya. Mahadi ya je gidan su Manasseh a Yelwa, ya je bariki, kowa ya ce a dawo wani mako.

Baba Simeon bai kai wani makon ba. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, abin kunnen na kansa, bayan ya saurari kaset ɗin har sau ba adadi. Bai sake tayar da zancen ba, bai kuma ce ya yafe ba. Mahadi ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya daga baya, wasiƙar na aljihunsa. Mutane suna ta yi masa sannu, suna cewa maƙwabci irinsa sai an tona, shi ne ya samo wa tsoho abin jin muryar ɗansa. Kowace sannu sai ya ji ta har cikin ƙashinsa.

Kwana uku da binnewa ya fito tsakar gida da safe. Mama Dinatu na tsugune a nata gefen katangar da kwanon ruwa. Ta cire soson biyu, ta wanke da sabulu, ta matse, ta shinshina, ta sake wankewa. Da ta gama ta miƙe ta jera su a kan katangar da ke tsakaninsu, ta ɗora wa kowanne ɗan dutse saboda iska.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya, Maiturare," ta ce, ta zubar da ruwan ta shiga ɗaki.

Ruwa na ɗiga daga soson, yana bin katangar ta gefen gidansa.