Lambar Yabon Mai Hannu

Ana cikin gyara lasifika ta shigo zauren taron tare da yayanta, wasu kurame na biye da su. Suka cika layin gaba.

Tela ce, amma Mai Hannu ake kiranta. Yayanta kurma ne, a wurinsa ta koyi maganar hannu tun tana ƙarama. Yau duk kurman da aka kama ko aka kwantar a asibiti, ita ake nema, sai ta rufe keken ɗinki ta tafi. Bara ta fito da wani makanike kurma da ya daɗe a tsare don kawai ɗan sanda ya kira shi bai waiwayo ba. Shi ya sa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ce za ta karrama ta.

Shugaban ƙungiyar ya fara jawabi. Yaya ya taɓa kafaɗarta, ya tambaya da hannu, "Me yake cewa?"

Sai lokacin ta lura ba a kawo mai fassara ba. Ta juya kujerarta ta fuskance su.

"Gaisuwa yake yi."

Da shugaban ya shiga yabonta, sai hannunta ya yi nauyi. "Ya ce na yi ƙoƙari," ta nuna, ta sauke hannu.

Yaya ya ɗaure fuska. "Bakinsa na ta motsi, hannunki ya tsaya. Ke da kike hana likita rage ko kalma ɗaya?"

"Yaya, kunya nake ji."

"Mu ma mun zo jin abin da ake faɗi ne."

Dole ta ɗaga hannu, kai a sunkuye. Shugaban ya ce jaruma ce. Ya ce ba ta taɓa gajiya ba.

"A nan ya yi ƙarya," in ji makaniken da hannu. "Tana gajiya, har da mita."

Layin gaba ya kwashe da dariya.

Aka kira ta ta hau dandamali. Lambar ta gilashi ce mai nauyi, sai da ta sa hannu biyu. Aka matso mata da makirufo. Ta buɗe baki, sai ta ga idanun mutanenta duk a kan hannayenta.

"Ranka ya daɗe, ɗan riƙe min," ta ce.

Shugaban ya karɓa. Ta yi magana da baki da hannu tare.

"Na gode ƙwarai. Yayana ne malamina, ga shi can. Roƙona ɗaya: baɗi a nemo mai fassara, a sa wani a asibiti, wani a ofishin 'yan sanda. Ni ma ina da ɗinkin mutane."

Shugaban ya dubi layin gaba, ya gyaɗa kai a hankali. Kurame suka ɗaga hannaye suna kaɗawa, irin tafinsu, sauran jama'a suka bi su.

A hoton da aka ɗauka, shugaban ne rungume da lambar. Ita kuwa tana tsakiyar magana.