Wayar da Kaka Eufemia Ta Ƙwace

Kun ji abin da aka yi a gidan Kaka Eufemia, nan bayan kasuwar Sincelejo? Jikarta Dayana ce kullum in ta dawo daga makaranta sai ta ƙura wa waya ido, ba littafi ba biro.

"Ke 'yar nan, ina aikin gidanki na Turanci?"

"Shi nake yi, Kaka. Malama Ofelia ta juya abin. Darasin nahawu a gida muke kallo, aikin kuma a aji."

"Ni za ki mayar sakarya? 'Ya'ya shida na sa a makaranta, ban ga wanda ya yi karatu da kallo ba."

Ta ƙwace wayar. Washegari Dayana ta shiga aji ba ta san komai ba, aka ware ta gefe ta kalli darasin ita kaɗai. Ta dawo tana kuka.

Tsohuwa ta ɗauki lema ta nufi makarantar don ta kama ƙarya. Ta leƙa taga, sai ga yara rukuni-rukuni suna gardama a kan jimloli, malama na zagayawa tana gyara musu.

Ta juyo gida. Da yamma tana gasa arepa, wato wainar masara, ta jingina wayar da tukunya, ta kira Dayana.

"Zo ki kunna a nan inda nake ganinki. Kuma ƙara sauti, tunda a gidana malamar take koyarwa, sai in ji me take cewa."