Gam ɗin Injiniya

A gidanmu Injiniya muke ce wa yayana, ba don ya taɓa gyara ko fanka ba. Tun yana yaro duk abin da ya sa wa hannu sai an kira mai gyara, shi kuma ya tsaya a kan mai gyaran yana koya masa aiki. Sunan ya bi shi, har yau kuwa gani yake yabo ne.

Babanmu mai ɗaukar hoto ne. Mahaifiyarmu wajen haihuwata ta rasu, Yaya yana ɗan shekara biyu, don haka daga ni har shi babu wanda ya san fuskarta. Danginta na nesa ne, zumunci ya daɗe da yankewa. Gwaggo da ta san ta, idonta ya mutu. Baba kuwa ko zancenta ba ya iya yi. Sai a ciwon ajalinsa ya riƙo hannuna ya ce, "Auta, hoton uwarki yana cikin akwatin ƙarfe. Guda ɗaya ne tak. Ki juya bayansu, kowane hoto na rubuta sunan mai shi da fensir."

Kafin in share hawaye Injiniya ya sure akwatin ya kai ofishinsa ya kulle. Wai zai baje hotunan Baba a ɗakin taro na unguwa, duniya ta san mu 'ya'yan wani ne. Mutumin da Baba na raye bai taɓa leƙa shagonsa ba sai in makullin babur yake nema! Kullum na ce ya ba ni akwatin sai ya ce gobe. Da na ji za shi sayen kwalin da za a ɗora hotunan a kai, sai na yafa mayafina na bi shi.

Mai kantin wani dattijo ne mai tabarau da igiya a wuya. Ya tambayi shekarun hotunan, sannan ya zaro wani farin kwali mai kauri ya shimfiɗa a kan tebur.

"Wannan ba ya sa hoto ya yi ja ko ya shekara nawa," in ji shi. Ya buɗe ɗan akwati cike da 'yan kusurwoyi na takarda. "Waɗannan ake manna wa kwalin, sai a zura gefen hoton a ciki. Gam ba ya taɓa hoton. Ranar da kuke so ku zare abinku."

Yaya ya ɗauki guda ya hura ta, ta tashi sama.

"Baba, wannan ai wasan yara ne. Fanka na kaɗawa hotuna su watse a gaban manyan baƙi? Ba ni gam mai ƙarfi, na gwangwani, irin na masu gyaran takalmi."

"Ɗana, shi wannan in ya kama ba ya saki. Akwai fim ɗin hotunan, ko da za a sake wankewa?"

"Ruwa ya cinye su tuntuni," na ce. "Kuma akwai rubutu a bayansu."

Dattijon ya zare tabarau ya dube ni, ya dubi Yaya. "To wallahi kada ka shafa musu wannan."

"In ba ka sayarwa ka faɗa, kantuna ba su ƙare ba."

Dattijon ya sauko da gwangwani biyu. Muna fita ya kira ni ya danƙa mini akwatin kusurwoyin, ya ce ko Allah zai sa.

A hanya na sa Yaya ya rantse ba zai manna komai ba sai na duba bayan hotunan ranar Asabar. Ya rantse har da dafa ƙirji. Ni kuma sakarya na yarda, kamar yau na fara saninsa.

Ranar Alhamis da la'asar ya kira ni. "Auta, zo ki ga aiki!"

Tun daga matakalar ofishin warin gam ya tare ni. Kwalaye jingine da bango, a kan kujeru, har kan firji. Shugaban unguwa ne ya ce zai leƙo da safe, shi ne gwani ya zage ya manne hoto sittin da uku a yini guda. Ya ma bi kowanne da gindin kwalba ya danne don kada ya tashi.

Na zube a gaban kwali na farko, na sa farce a gefen hoton wata mata. Fuskar ta ɗago kaɗan, bayan takardar ya tsaya a jikin kwalin, fensirin Baba yana can tsakiya cikin gam. Na ƙara ja, goshin matar ya tsage. Na cire hannuna.

"Kin ga irin ɓarnarku ta mata!" in ji Injiniya. "Ke, wa ya ce sai an karanta? Jini ba ya ɓuya. Ga Mama can a wancan kwalin, dubi hancin, nawa ne sak."

Washegari na ɗauki kwali guda na koma wurin dattijon. Ya haska shi da fitila, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce ko an jiƙa, ko an gasa, takardar ce za ta mutu kafin gam ɗin.

Ranar baje kolin Yaya ya sha babbar riga, ya liƙa wata 'yar takarda a ƙarƙashin mai hancin: Mahaifiyarmu Abar Ƙauna. Ana cikin tafi sai telan bakin layi ya matso ya ƙura ido.

"Injiniya, wannan ai ƙanwar matata ce. Tana nan da ranta, jiya ma ta kawo ɗinki."

Ko a jikinsa. Ya ɓamɓare takardar ya matsar da ita ƙarƙashin hoton gaba, ya ce kuskuren masu jerawa ne, alhali shi kaɗai ya jera.

Da mutane suka watse na ƙirga matan da ke bangon. Talatin da ɗaya ne. Tela ya rage mini guda, saura talatin, har da wadda na tsaga wa goshi. Akwatin kusurwoyin yana cikin jakata ko buɗe shi ba a yi ba. Na fara daga bakin ƙofa, ina tsayawa a gaban kowacce, ina cewa, "Sannu, Mama."