Baba Ya Tsaya Ya Numfasa

Malama Murjanatu tana tsaka da rubutu a kan allo wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ba ta waiwaya ba. Sai da ta ƙarasa jimlar, ta kaɗe alli daga yatsunta, sannan ta fuskanci 'yan ajin da rabinsu ke gyangyaɗi.

"He stopped smoking, ya daina shan taba ke nan. He stopped to smoke kuwa, tsayawa ya yi don ya sha. Kun ga kamar abu ɗaya ne, amma na farko ya tuba, na biyu yanzu ma ya ƙyasta ashana."

Suka yi dariya. Ta ce su kwafe, ta zaro wayar a fakaice. Saƙo ne daga 'yarta Siddiƙa, wadda Turanci ya kayar a jarrabawar gama sakandare bara, take shirin sakewa. Tun daga lokacin Murjanatu ta kafa mata doka: duk saƙon da za ta turo mata, da Turanci. Yau yarinyar ta raka kakanta, mahaifin Murjanatu, duba gonarsa ta hanyar Sandamu.

"Umma, Baba stopped breathing on the road. We are under the big tamarind tree."

Baba ya daina numfashi. Ta sake karantawa, maganar ba ta sauya ba. Ta kira, layi bai shiga ba. Ta sake kira, aka ce a kashe yake. Ba ta san lokacin da ta bar ajin ba, ko shugaban makaranta ba ta nema ba, ta tare ɗan acaba a bakin ƙofa.

Mahaifin nata yana da ciwon zuciya, likita ya hana shi doguwar tafiya, amma taurin kansa kowa a unguwa ya san shi. Da safe ta hana shi fita, ya ce geronsa bai san likita ba. Ita kuma cikin fushi ta ce, "To, in ka faɗi a hanya, babu ruwana." Wannan maganar ce ta riƙa cin ta tun daga cikin Daura har suka shiga gonaki. Tsoro ya kama ta, kar a ce ita ce kalmarta ta ƙarshe gare shi. Tana salati, hawaye na bushewa a iska.

Tun daga nesa ta hango tsamiyar. A gindinta ga tsoho zaune a kan saiwa, ya miƙe ƙafafu, yana ɓare ɗanyar gyaɗa. Siddiƙa na gefensa tana yi masa fifita da bakin hijabi.

Murjanatu ta diro daga kan babur. Ta durƙusa a gabansa, ta kama hannunsa, ta ji shi da ɗumi.

"Lafiya, Murja? Wa ya rasu?" in ji shi.

"Kai, Baba. Kai aka ce mini."

"Ikon Allah. Ni kuwa ba a sanar da ni ba."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta juya ga 'yarta. "Ke, me kika rubuto mini?"

"Haki ya kama shi ne, Umma, ya ce mu tsaya ya numfasa. Ina tura miki cajina ya ƙare." Siddiƙa ta fara tsarguwa. "Ai ke kika ce bayan stop sai a sa ing. Enjoy, finish, stop. Har sa ni kika yi na haddace."

Haka ne kuwa. Makon jiya Murjanatu ta faɗa mata rabin ƙa'idar, ta ajiye sauran don kada ta rikita ta. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta rasa wanda za ta yi wa.

"Stopped to breathe za ki ce. Wannan hutawa ce. Wadda kika rubuto, mutuwa ce."

Siddiƙa ta toshe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa. Tsohon ya zungure ta da gwiwar hannu.

"Amaryata, ashe gadona kike so ki ci tun yanzu? To, ni dai ina roƙon arziki. Ku yi Turancinku a kan shinkafa da sabulu, amma labarina a riƙa ba da shi da Hausa."

"An ji, Baba," in ji Murjanatu.

Ɗan acaban ya tambaya ko ya jira. Ta ce ya jira, shi zai kai Baba gida, ita da yarinyar za su nemi wani. Amma ba ta tashi ba. Ta zauna a ƙasa da kayan aikinta, ta miƙa wa Siddiƙa wayarta.

"Goge wancan saƙon. Rubuta mini daidai a nan, in gani."

Yarinyar ta duƙufa tana dannawa a hankali. Murjanatu ba ta ko kalli wayar ba. Ta matsa kusa da mahaifinta, tana sauraron numfashinsa yana shiga yana fita.