Shirun Waƙa ta Huɗu

Mu bakwai muka yi faifan nan, shida sun riga mu gidan gaskiya. Ni kuwa mota ta kife da ni sau biyu, likitoci uku suka ce ba zan ga baɗi ba, na je ta'aziyyar biyu daga cikinsu. Ban taɓa zama a aji ba, amma ganga idan ta ji hannuna magana take yi.

Shekara arba'in da huɗu ke nan. Dogo, mawaƙinmu kuma shugabanmu, ya samo mana ɗakin ɗaukar murya na yini guda a bayan wani shagon gyaran rediyo, an jingina katifu a bango don kada ƙarar titi ta shigo. Tef ɗaya gare mu, babu maimaici. Da aka kunna mana abin da muka yi, sai na ji a tsakiyar waƙa ta huɗu gangata ta ɗauke ɗif, ta yi shiru mai tsawo, sannan ta dawo. Na nemi a sake, Dogo ya ce tef ya ƙare. Na ce to kada a kuskura a sa sunana a bangon faifan. Bai yi musu ba.

Faifan ya fito ya faɗi warwas. Gidan rediyo suka ce ba a rawa da shi. Wani ɗan jarida, aka karanta mini, ya ce kamar zaman makoki. Masu shago suka riƙa ba da shi gyara, marigayiya matata tana rufe bokitin ruwa da nawa. Ni kuma na bi gari ina cewa ai tun farko na hango.

Yanzu a shagon ɗinkin Auta, 'yata, nake yini, ina warware ɗinkin da ya karkace. Bara na fara jin waƙoƙinmu a wayoyin masu kawo ɗinki. Wai har a jami'a ana koyar da faifan. Na gaya musu ni ne mai gangar.

"Baba, jiya ma kai ka koya wa kifi iyo," in ji Auta, ko ɗagowa daga keken ba ta yi ba.

Aka yi dariya. Ya yi mini ciwo, domin cikin labaraina kaf wannan ne ban zuba wa gishiri ba.

Rannan rediyo ta sanar za a sake buga faifan, ana neman mai gangar don a sa sunansa. Na hana Auta sakat har ta rufe shago da hantsi ta kai ni, ta ce dai don kunnenta ya huta.

Ofishin yana bene na biyu, kwalayen tef har rufi, fanka tana kaɗa takardu. Ma'aikaciyar, wata mai tabarau da ba ta wuce sa'ar Auta ba, ta ba ni kujera ta ce tsofaffi huɗu sun riga ni zuwa, kowa ya ce shi ne. Tambaya ɗaya take yi: me ya sa ganga ta yi shiru a waƙa ta huɗu? Ta ce masana sun cika littattafai a kan shirun nan. Na farko ya ce mata uwarsa ya tuna, na biyu ya ce ya bar wa duniya fili ta yi numfashi.

Ni ma da tawa amsar na zo, tun a mota nake goge ta, kuma ta fi tasu daɗi nesa ba kusa ba. Na dubi Auta, tana tsaye bakin ƙofa da jaka a hammata, kanta a ƙasa. Idan na faɗi mai daɗin, na zama maƙaryaci na biyar a gabanta.

"'Yata," na ce wa ma'aikaciyar, "sandar kiɗa ce ta kuɓuce mini. Zufa. Ta gangara ƙarƙashin teburin inji, na bi ta da rarrafe. Da zan fito na buga ƙeya a teburin. Ƙara murya ki ji."

Ta ɗauko tef ɗin asali ta ɗaura, ta murɗa wani abu har goge da garaya suka ja baya. Ganga ta ɗauke. Sai ƙum! A bayansa wata 'yar murya can ƙasa tana cewa wayyo kaina. Na nuna mata baitin da ke biye, inda muryar Dogo take rawa. Ta ce nan ne masana suka ce kuka yake yi. Na ce dariya yake dannewa, har ya mutu bai daina tsokanata da ita ba.

Ta cire tabarau ta goge ido. Sannan ta tambayi dalilin da babu sunana a bango.

"Ni na ce a cire. Kunya na ji."

Ban taɓa furta wannan kalma a gaban 'ya'yana ba. Auta ta zo ta tsaya a bayan kujerata, ta shafa ƙeyata kamar har yau da ƙulun a wurin. Ita ta faɗi sunana harafi harafi aka rubuta, ta kama yatsana ta ɗora a kan layin don in san inda nake.

Yanzu idan waƙa ta huɗu ta zo a shago, sai ta tsayar da keke ta ce wa masu jiran ɗinki su kasa kunne, kan babanta ne zai yi ƙara. Ni kuma in ƙara musu da cewa teburin ne ya tsage, ba kaina ba. Wannan kam ba ta ƙaryata ni tukuna ba.