Kwalin Maganin da Ba a Taɓa Ba

Sufeto ta zazzage kwalin maganin a kan gado, ta ƙirga ƙwayoyin har sau biyu. Ashirin da takwas cif, kamar yadda ta bar su makon jiya. Kwana tara ke nan mijinta bai ɓalli ko ɗaya ba.

Ba 'yar sanda ba ce, tela ce. 'Ya'yanta ne suka laƙaba mata sunan shekara shida da suka wuce, lokacin da likita ya ce babansu na da ciwon sukari, ita kuma ta ɗaura ɗamarar gadinsa. Takan shinshina kofin shayinsa, ta laluba aljihunsa ko za ta ci karo da takardar alewa, kullum kuma sai ta haska tsakanin yatsun ƙafarsa da fitilar waya. Tana da dalili. Yayansa ma da ɗan ƙurji ya fara, wani mai zaƙin baki ya sa shi ya zubar da maganin asibiti ya koma shan jiƙo, aka ƙare da yanke masa ƙafa daga gwiwa.

Shi ya sa tun ranar da maigidan ya shigo da wata tabarmar roba a hammata, hankalinta bai kwanta ba. Ya ce sunan abin yoga.

"Motsa jiki ne kawai, da koyon numfashi," in ji shi.

"Numfashi? Shekara hamsin da bakwai kana yinsa ba malami, yanzu ne za a koya maka?"

Dariya kawai ya yi. To ga shi yau kwali ya tona asiri, tsoro kuma ya kama ta sosai. Ta ɗaga gorar ruwa ta shanye, ta sake cikawa ta jefa a jaka, don kwanan nan ƙishi ba ya barinta. Da ya fita da tabarmarsa, ta bi bayansa ko karyawa ba ta yi ba. Ya shiga bas ta ƙofar gaba, ita ta shige ta baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

A bayan asibitin unguwa ya sauka, ya shiga wani ɗaki mai faɗi. Ta laɓe a taga. Mutum goma sha biyu ne, maza gefe mata gefe, duk masu furfura. Wannan ya dafa bango yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar zakara, waccan ta miƙa hannu sama tana nishi. Ga mijinta, mai gyaran agogon da bara ko igiyar takalmi sai an ɗaura masa, ya sunkuya har yatsunsa na taɓa ƙasa. Wata ma'aikaciyar jinya na zagayawa tana cewa, "A ja a hankali, a saki a hankali."

Sufeto ta tura ƙofa ba sallama.

"Ke ce kike hana mutane shan magani?"

Ma'aikaciyar ta juyo ba tare da ta ɗaga murya ba. "Sannu da zuwa, Hajiya. A nan duk wanda ya bar maganinsa ba ya hawa tabarma."

"To wannan fa?" Ta ɗaga kwalin sama kowa ya gani.

Maigidan ya miƙe, kunya ta rufe shi. Ya ɗauko gidan tabaraunsa daga aljihun riga ya buɗe. A ciki akwai wani katin magani, ƙwayoyinsa ƙanana, an ɓalli tara.

"Likita ne ya rage min, Maman yara. Ya ce awona ya sauko. Wancan tsohon ne."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Da na faɗa, da kin ce ni na rubuta takardar da hannuna."

Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Ma'aikaciyar ta jawo na'urar awon sukari daga kan tebur, ta nuna mata abin da ya fito wa mijin da safen nan: ɗari da goma sha takwas. Sufeto ta kalli na'urar a kaikaice. Ita ba a yi mata irin wannan wayon.

"Wa ya sani ko saita ta kuka yi, kowa ya zo ta ba shi lamba mai daɗi? Gwada ni. Ni dai lafiyata ƙalau, in ƙarya take yi yanzu za mu gani."

Ta miƙa yatsa tana taɓe baki. Aka soka, jini ya ɗigo, na'urar ta yi ƙara. Ɗari uku da goma.

"Kun gani? Lalatacciya ce."

Ma'aikaciyar ba ta yi musu ba. Ta ɗauko wata daga jaka, ta sake sokawa a ɗaya hannun. Ɗari uku da shida.

"Kin ci wani abu yau?"

"A'a."

"Kina yawan jin ƙishi? Kina yawan zagayawa?"

Sufeto ta kawar da kai. Gorar da ke jakarta saura kaɗan ta ƙare.

"Wata uku ke nan ni nake zura mata zare a allura," in ji maigidan a hankali. "Na ce mu je a duba ta, ta ce ni ne marar lafiyar gidan."

"Awo ɗaya ba ya yanke hukunci," in ji ma'aikaciyar, "amma yau ɗin nan za ki ga likita, ba gobe ba. Zauna tukuna."

Ba kujera a kusa. Maigidan ya jawo tabarmar robar, Sufeto ta dube ta kamar za ta cije ta, sannan ta zauna. Shekara shida tana tsaron ƙofa ɗaya, ba ta taɓa tunanin juyowa ta dubi kanta ba.

Mai gyaran agogo ya durƙusa a gabanta, ba nishi ba dafa bango. Ya zare mata takalmi, ya kunna fitilar wayarsa.

"Buɗe yatsun," ya ce.

Ta miƙa masa ƙafar.