Rigar da Mama Ta Saƙa wa Nayra

Duk garinmu El Alto ban san wanda yake murna in mota ta shiga cunkoso ba sai mahaifiyata, Basilia. Kowa na tsaki yana duba agogo, ita kuwa sai ta gyara zama, ta zagayo da zaren ulu ta bayan wuyanta, tsinkayen saƙa su kama aiki.

Kullum da sassafe muke gangarawa La Paz ni da ita, inda muke sayar da kunun jan masara a bakin kasuwa. Motar igiya da ke bi ta sama tana sauke mutum kafin ya gama hamma, amma Mama ko kallonta ba ta yi. Nata lissafin daban ne. Motar igiya peso uku, layi biyu na saƙa. Bas peso biyu, layi tara, in kuma aka yi sa'a masu zanga-zanga suka tare hanya har sha biyar. Ta ce ita ba ta haukace ba da za ta biya ƙari don a rage mata aiki. Rarar peso ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, tana ƙulle ta a bakin mayafi, sati biyu ya ba ta dunƙule guda na ulun alfaka, dabbar nan tamu mai kama da ƙaramin raƙumi. Ni kuwa gwiwoyina ne suke biyan bambancin, don an matse ni tsakanin tukunya da buhun dankalin wani.

Rigar sanyi take saƙa wa 'yata Nayra, wadda ta samu aikin jinya a Santa Cruz. To ga inda gizo ke saƙar: Santa Cruz zafi ne, irin wanda mutum ke kwana da fanka yana zufa. Mama ba ta taɓa sauka daga kan tsaunukan nan ba. A wajenta duk wanda zai yi tafiya sanyi zai je ya tarar. Rigar kuwa ruɓi biyu take yi mata, mai kauri kamar bargo.

Ni da Nayra muka yi ta tura wa juna wadda za ta gaya wa Mama gaskiyar. Ta ce ni ce 'yarta, ni zan faɗa. Na ce ai ita ce 'yar lelen, a bayan Mama ta girma lokacin da nake wanki a gidajen mutane. Babu wadda ta iya. Tausayinta nake ji, wallahi, in na ga tana lissafa layuka da leɓe, tana auna hannun riga da tafin hannunta.

Har direbanmu Hilarion ya san da rigar. Wata safiya ya leƙo ta madubi ya ce, "Kaka, in an gama wannan tawa ce ta gaba ko?"

"Kai da wannan tumbin? Sai an aske garke guda."

Motar ta kwashe da dariya, ita ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ranar tafiya, da hantsi, Nayra na cusa kaya a jaka sai Mama ta fito da rigar. Ruwan ƙasa ce, da jan zane a ƙirji. Nayra ta sa, ta zauna mata ɗas, kai ka ce a jikinta aka saƙa. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Jakar ta riga ta cika, rigar kaɗai za ta cinye rabinta. Na ga dai babu makawa, na daure na ce, "Mama, can fa ba a sanyi. Ko kwana ɗaya ba za ta iya sa ta ba."

Ta yi min irin kallon da take min tun ina yarinya in na zubar da gishiri.

"Fermina, shekara nawa nake sayar wa direbobin Santa Cruz kunu? Kin zaci ban san da zafi a can ba? Wa ya ce miki da ita za ta tafi?"

Ta sa Nayra ta tuɓe, ta ninke rigar a kan cinyarta, tana shafa ta. Ta ce 'yar maƙwabciyarmu ma haka ta tafi da duk kayanta, ba ta bar ko tsinke ba, yau shekara shida sai dai murya a waya. Mutum in ba shi da komai a gida, me zai zo ɗauka?

"Riga tana nan, 'yar nan," ta ce wa Nayra. "A nan kaɗai take da amfani. In hunturunmu na watan Yuni ya shigo, kin san inda take."

Nayra ta durƙusa ta kifa kanta a kan rigar tana kuka. Ni ma na kasa riƙe nawa. Mama ta bar mu muka yi mai isarmu, sannan ta ɗaga kan yarinyar ta ce ta tashi haka nan, hawaye na sa ulu ya tsuke.